Idan Gida Ya Zama Tashar Wuta: Yadda Na'urar Zafi Da Lantarki Ke Shafar Layukan Rarrabawa

Duk mai biyan kuɗin wuta ya san hanyar da take bi kafin ta iso gare shi. Ana samar da ita a manyan tashoshi irin su Kainji da Shiroro da Egbin, a ɗora ta bisa manyan layuka masu bolt 330,000 da 132,000, a sauko da ita zuwa 33,000 da 11,000, sa'an nan taransifomar unguwa ta rage ta zuwa daidai buƙatar gida ko kanti. Haka tsarin yake a duk duniya, kuma an gina shi ne bisa zato guda ɗaya, watau wuta daga sama take gangarowa, mai gida kuwa nasa sha da biya. Kaurin waya, da girman taransifoma, da fis ɗin da ke tsare layi, da mita, har ma da yadda ake yanka kuɗin wuta, duk a kan wannan zato aka auna su.

Filinmu na nazari a wannan fitowa zai duba wata na'ura da ta zo ta taɓa wannan zato a ƙasashen Japan da Jamus da Birtaniya. Ita ce ƙaramar na'urar da ake girkawa a gida, ta sha iskar gas, ta ba da ruwan zafi da ɗumin ɗaki, kuma a lokaci guda ta samar da wutar lantarki. Turawa na taƙaita sunanta da haruffa uku, CHP. Mu a nan za mu kira ta na'urar zafi da lantarki. Tambayar da ke gabanmu ita ce: me ke faruwa ga wayoyin unguwa da bututan gas, da kuma aljihun kamfanonin da suka mallake su, idan gidaje da yawa suka koma masu samar da wuta?

Dalilin ƙirƙirar na'urar

Babbar tashar wuta mai ƙona gawayi ko mai ko gas, in ta tsohon yayi ce, ba ta mayar da fiye da kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na ƙarfin abin da ta ƙona zuwa lantarki. Ragowar yana tashi ne a matsayin zafi, ya bi hayaƙi ko ruwan sanyaya inji ya salwanta. Tashoshin gas na zamani masu juya inji sau biyu suna kaiwa kashi 55 zuwa 60. Zafi kuwa ba ya jure doguwar tafiya kamar lantarki, saboda haka tashar da ke nesa da gari ba ta da wanda za ta sayar wa. Sai masu fasaha suka ce, tun da zafin ba zai je wurin mai buƙata ba, a kai injin kansa inda ake buƙatar zafin.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Mu ɗauka an zuba wa na'urar gida gas mudu 100, ta ba da lantarki mudu 35 da zafi mudu 50, watau an ci moriyar mudu 85. In da za a samo wannan lantarkin daga tsohuwar tasha mai kashi 40, sai an ƙona kusan mudu 88, kana tukunyar ɗumama gida mai kashi 90 ta ƙona kusan mudu 56 kafin ta ba da wancan zafin. Jimla mudu 144 ke nan a maimakon 100. Amma in tashar ta zamani ce mai kashi 55, jimlar za ta sauko zuwa kusan 120. In kuwa wutar da ke kan layi daga iska ko rana ko ruwa take, to, babu gas ɗin da aka tsimin. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: ribar na'urar tana rataye ne ga irin wutar da ta maye gurbinta.

Na'urorin iri uku ne. Akwai mai inji irin na mota, wanda ke mayar da kamar kashi 25 zuwa 30 lantarki. Akwai mai injin Stirling, wanda wani limamin coci ɗan Sikotlan mai suna Robert Stirling ya yi wa rajista tun a 1816. Shi ba ya da ƙara sosai, amma lantarkinsa kaɗan ne, zafinsa ya ninka lantarkin kamar sau shida. Na uku shi ne wanda za mu kira batirin gas. Wannan ba ya juya komai. Yana tace iskar haidurojin daga cikin gas, ya haɗa ta da iskar shaƙa, lantarki ya fito kamar yadda yake fitowa daga batir, muddin ana ba shi gas. Shi ne ya fi ba da lantarki, daga kashi 35 har fiye da 50. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga layi ƙwarai, domin injin Stirling sai gida na son ɗumi yake tashi, ya yi 'yan sa'o'i ya mutu, alhali batirin gas yakan yi kwanaki yana aiki a hankali ba tsayawa.

Inda ta yi kasuwa da inda ta kwanta

Japan ce kan gaba. A 2003 aka fara sayar da Ecowill, mai injin Honda na kilowat ɗaya. A 2009 kuma aka fito da Ene-Farm, mai batirin gas, wanda galibi ke ba da wat 700. Da farko kuɗinsa ya haura yen miliyan uku, gwamnati na tallafa wa mai saye da abin da ya kai yen miliyan 1.4, cikin shekara goma farashin wasu nau'o'in ya faɗo ƙasa da yen miliyan ɗaya. Zuwa ƙarshen 2023 an sayar da guda 500,000. Adadin yana da yawa, amma burin da gwamnati ta sa tun farko shi ne miliyan 1.4 zuwa 2020, kuma ba a ko kusanci wannan ba.

A Jamus, kamfanin SenerTec na garin Schweinfurt ya soma ƙera injin Dachs a 1996, mai ba da lantarki kilowat 5.5 da zafi kilowat 12.5, wanda ya fi dacewa da manyan gidajen haya da ƙananan otal. Dokar ƙasar ta 2002 kan haɗa zafi da lantarki ta wajabta wa masu layi su karɓi wutar irin waɗannan injina, tare da ƙarin kuɗi a kan kowane kilowat. Birtaniya kuwa, duk da cewa mafi yawan gidajenta da gas ake ɗumama su, kasuwar ba ta tashi ba. Shirin biyan masu samar da wuta a gida da aka fara a 2010 ya ware gurbin na'urori 30,000 na gwaji, amma har aka rufe shi ga sababbin masu nema a ƙarshen Maris na 2019, waɗanda suka yi rajista ba su kai dubu ɗaya ba. Binciken da hukumar Carbon Trust ta kammala a 2011 ya riga ya nuna cewa injin Stirling yana da amfani a manyan tsofaffin gidaje masu shan ɗumi da yawa, a ƙananan sababbin gidaje kuwa da ƙyar ake ganin bambanci.

Saboda haka a sani tun yanzu: babu ƙasar da na'urorin suka cika unguwanni har suka durƙusar da layi. Abin da aka sani game da tasirinsu ya fito ne daga gwaje-gwaje, da lissafin injiniyoyi, da kuma abin da farantan sola na kan rufi suka riga suka jawo, domin su sun yaɗu ƙwarai, kuma ta ƙofa ɗaya suke shiga layi.

Lokaci shi ne kan magana

Kamfanin rarraba wuta ba ya auna waya da taransifoma bisa yawan wutar da ake sha a shekara. Yana auna su ne bisa sa'a guda mafi nauyi. A arewacin Turai wannan sa'a tana faɗowa ne da yammacin ranar hunturu, tsakanin ƙarfe biyar zuwa bakwai, lokacin da duhu ya yi, mutane sun dawo daga aiki, an kunna fitilu da murhu da talabijin. To, daidai wannan lokaci ne gida ke neman ɗumi, watau daidai lokacin da na'urar ke tashi. A nan ta sha bamban da sola, wadda ke bunƙasa da tsakar ranar lokacin zafi, sa'ad da gidajen Turai ba su shan wuta sosai, ta kuma ɓace da yammacin hunturu.

Bari mu ƙaddara wata unguwa mai gida 200 a kan taransifoma ɗaya, rabinsu na da na'ura mai kilowat ɗaya. Da yamma kowane gida yana jan kilowat ɗaya da rabi a tsakaice, jimla kilowat 300. In na'urori 100 suna aiki, abin da taransifoma za ta ɗauka ya koma 200. Riba biyu ke nan. Ta farko, taransifomar da ake shirin sauyawa saboda ta cika tana iya ƙara shekaru. Ta biyu, asarar wuta a cikin waya ta ragu fiye da yadda ake tsammani, domin wutar da ke zama zafi a waya tana bin ninkin nauyi ne a kan kansa. Nauyi ya koma biyu bisa uku, asara ta koma huɗu bisa tara, watau ƙasa da rabi. A ƙasashen da muke magana, abin da ke salwanta tsakanin tasha da gida yana kai kashi 5 zuwa 8 cikin 100, kuma mafi yawansa a ƙananan layuka yake tafiya, don haka wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Yanzu mu koma asubahin ranar. Ƙarfe biyar da rabi agogon kowace na'ura ya tashe ta domin gida ya yi ɗumi kafin masu shi su farka. Mutane na barci, ba abin da ke shan wuta sai firij da 'yan ƙananan kaya, a ce wat 300 kowane gida, jimla kilowat 60. Na'urori kuwa suna fitar da 100. Ragowar kilowat 40 dole ta nemi hanya, sai ta bi waya da baya, ta ratsa taransifoma ta hau layin bolt 11,000. Taransifoma ita kanta ba ta ƙi ba, tana iya aiki ta kowace fuska. Damuwar tana ga matsin wutar.

Wuta kamar ruwan famfo take: matsinta ya fi ƙarfi a bakin taransifoma, yana raguwa har gidan ƙarshe. Shi ya sa na ƙarshen layi ne ke fara kukan fitila ta yi ja. Domin a kare shi, injiniyoyi sukan saita taransifoma a can sama, kusa da iyakar da doka ta yarda. A Birtaniya dokar ta ce bolt 230, ana iya ƙara kashi 10 ko a rage kashi 6, watau daga 216 zuwa 253. Amma wannan 230 a takarda ne aka sauya shi daga 240 a 1995 domin a daidaita da sauran Turai, taransifomomin ba a taɓa su ba, har yau abin da ke isa gidaje da yawa yana kewayen 240 ne ko sama. Ke nan wajen ƙasa akwai fili mai yawa, wajen sama kuwa 'yan bolt ne suka rage. Idan wuta ta juyo da baya, gangaren ya kife, gidan ƙarshe ya zama shi ne mafi matsi. Yana haura 253, na'urar da ke cikinsa za ta kashe kanta, mai gida ya rasa cinikin da ya sa rai, maƙwabta kuma kayansu su riƙa gajiya kafin lokaci. Mafi yawan taransifomomin unguwa ba sa gyara matsi da kansu. Sai an kashe wuta ma'aikaci ya murɗa da hannu. Masu gyara kansu suna nan a kasuwa, Jamus ta girka su a yankunan da sola ta yi yawa, amma kuɗi ne, kuma ba mai na'urar ne ke biya ba.

Akwai kuma batun layuka uku da ke fitowa daga taransifoma, waɗanda masu gyaran wuta ke kira ja da rawaya da shuɗi. Gida ɗaya layi ɗaya yake hawa. Ba kamfani ne ke zaɓen wanda zai sayi na'ura ba, don haka tana yiwuwa goma su taru a kan ja, shuɗi ba ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda layi ɗaya ke dushewa a unguwarsu saboda kowa ya mayar da fis ɗinsa kansa, ya san abin da rashin daidaito ke jawowa. Wannan ne ya sa ƙa'idar Birtaniya, G83 ta 2003 wadda G98 ta gaje ta a 2019, ta bambanta abu biyu: mai gida ɗaya yana iya haɗa na'urar da ba ta wuce amfiya 16 a layi ba, kusan kilowat 3.7, ya sanar da kamfani daga baya, amma mai shirin girka da yawa a wuri guda sai ya nemi izini tukun.

Idan aka ɗauke wuta

Mai karatu na iya zaton cewa gidan da ke da wannan na'ura ya yi ban kwana da duhu. Ba haka abin yake ba. An ƙera mafi yawansu ne su mutu nan take da zarar wutar layi ta ɗauke, kuma dalilin rai ne. Ma'aikacin da ya kashe layi ya hau falwaya yana da yaƙinin wayar a mace take. In wani gida na tura wuta ta baya, taransifoma za ta ɗaga ta zuwa dubban bolt ta same shi a can. Don haka kowace na'ura tana da makulli mai sauraren layi, in ya ji matsi ko bugun wuta ya sauya fiye da kima, ya yanke.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Bugun wuta a Turai, kamar a nan gida, sau 50 ne a daƙiƙa, kuma yana sauka a duk faɗin ƙasa idan wata babbar tasha ta faɗi. Makullin da aka tsananta saitinsa ba ya bambanta tsinkewar wayar unguwa da girgizar da ta taso daga nesa, sai ya yanke a daidai lokacin da ƙasa ta fi buƙatar kowane kilowat. Ranar Juma'a 9 ga Agusta, 2019, dab da ƙarfe biyar na yamma, tsawa ta faɗa wa wani babban layi a Ingila. Tashar iska ta Hornsea da tashar gas ta Little Barford suka fita kusan lokaci guda, sa'an nan ƙananan injinan da ke haɗe da layukan rarrabawa, masu kimanin megawat 500, suka bi sahu saboda irin wannan makulli. Bugu ya sauka zuwa 48.8, aka yanke wa masu mita kimanin miliyan ɗaya wuta domin a ceci sauran, jiragen ƙasa suka tsaya cik. Galibin waɗancan injina sun fi na gida girma, amma dabarar makullin ɗaya ce. Jamus ta hango irin wannan tun da wuri: tsohuwar ƙa'idarta ta sa duk na'urorin sola su yanke tare idan bugu ya kai 50.2, sai a 2012 aka kafa dokar sake saita dubban ɗaruruwansu, a 2015 kuma aka faɗaɗa aikin zuwa wasu injinan iska da na zafi da lantarki. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi. Ƙananan na'urori miliyan ɗaya masu saiti ɗaya sun zama babbar tasha guda da ba ta da direba.

Bayan haka, idan aka dawo da wuta, na'urorin ba sa tashi nan da nan, sai sun saurari layi na ɗan lokaci. A wannan taƙi taransifoma ce za ta ɗauki nauyin unguwa duka, gidaje sun yi sanyi, kowa ya kunna abin da yake da shi. Wannan ya rage ƙarfin ribar da muka lissafa ɗazu. Injiniya mai hankali ba zai ƙanƙanta taransifoma ba don ya ga na'urori ɗari, tun da ba shi ke da makunninsu ba.

Japan ta bi wata hanya dabam. Shekaru da yawa Ene-Farm yana bin buƙatar gida ne kawai, ba ya tura wuta waje, don haka wayoyin unguwa ba su ga komai ba sai raguwar nauyi. Sai a 2016, da aka buɗe kasuwar sayar da wuta ga gidaje, kamfanin Osaka Gas ya soma sayen rarar wuta daga masu wani nau'in na'urar. Bayan girgizar ƙasa ta Maris 2011 kuma masu ƙera shi suka fito da nau'in da ke ware gidan daga layi ya ci gaba da ba da 'yar wuta cikin duhu, kuma wannan ya zama babban abin tallarsa a ƙasar da ta saba da girgiza da guguwa.

Ɓangaren bututu, da ɓangaren aljihu

Sau da yawa akan manta cewa na'urar tana tsaye ne a mahaɗar hanya biyu. Nauyin da ta sauke wa waya, bututu ta ɗora wa. Gas ɗin da a da ake ƙonawa a babbar tasha, wadda ke sha daga babban bututu mai matsi, yanzu sai ya bi ƙananan bututan titi har ƙofar gida, kuma da safiyar hunturu, lokacin da su ma suka fi cika. Inda bututan ke da sauran fili, ciniki ne ya ƙaru ba tare da sabon jari ba. Wannan ne ya sa kamfanonin gas irin su Tokyo Gas da Osaka Gas suka zama manyan dillalan Ene-Farm: kamfanonin lantarki na tallar gida mai amfani da wuta zalla, har girki da ruwan wanka, su kuma suka mayar da martani da na'urar da ke ƙwace wa lantarki kasuwarsa daga cikin gida. Ɗan kasuwa zai fahimci tarihin na'urar sosai in ya dube ta a matsayin makami a wannan gasa.

Kamfanin waya kuwa yana cikin tsaka mai wuya. Kuɗin da yake kashewa kan falwaya da taransifoma da ma'aikata ba ya raguwa don wani gida ya rage sha, amma a wurare da yawa ana tara masa kuɗin ne ta hanyar ɗora wani kaso a kan kowane kilowat da mita ta ƙirga. Gidan da ya samar da rabin wutarsa ya rage rabin gudummawarsa, alhali yana son waya ta tsaya masa a duk ranar da na'urarsa ta lalace, ta kuma kwashe masa rara da asuba. Giɓin yana komawa kan wanda ba shi da halin sayen na'ura, galibi ɗan haya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganinmu wannan ita ce matsalar da ta fi wuyar warwarewa, domin ta injiniya kuɗi ke maganinta, wannan kuwa sai an yanke shawarar wanda za a ɗora wa. Hanyar da hukumomi suka fi karkata gare ta ita ce a ƙara kason da ake biya tsayayye, ko a caji gida bisa mafi girman nauyin da ya ja. Kowace daga ciki tana rage ribar mai na'ura.

Mita ma sai da aka sake ta. Tsohuwar mita mai faifai ko dai ta juya da baya, ko ta tsaya, ba ta san ƙirga abin da ya fita ba. Shirin Birtaniya na 2010 ya kauce wa matsalar da ƙiyasi: inda babu mitar fita, a ɗauka rabin abin da na'ura ta samar ya tafi layi, a biya a kan haka. Shirin da ya gaje shi a Janairun 2020 ya wajabta mita mai ƙirga fita duk rabin sa'a.

An taɓa gwada mayar da yawan na'urorin abin amfani ga layi. A 2009 kamfanin sayar da wuta na LichtBlick da ke Hamburg ya ƙulla yarjejeniya da Volkswagen, za a ƙera injina 100,000 a masana'antar Salzgitter, masu kimanin kilowat 20 kowanne, a girka su a ƙarƙashin gidaje, a riƙa tashe su daga ofis guda duk lokacin da wuta ta yi tsada, zafin kuwa a adana shi cikin tankin ruwa har gida ya buƙata. Jimlarsu za ta kai megawat 2,000, kwatankwacin manyan tashoshi biyu. Dabarar daidai take, domin tankin ruwan zafi ne ke raba lokacin samar da wuta da lokacin buƙatar ɗumi, kuma shi ne maganin matsalar asubahi. Amma a 2014 haɗin gwiwar ya watse bayan an girka kimanin 1,500 kawai. Farashin wuta a kasuwar sari ta Jamus ya faɗi a waɗannan shekaru, kuɗin girkawa da kula da ƙananan injina masu yawa kuma ya yi nauyi.

Daga baya iska ta ƙara juyawa. Tsadar gas da ta biyo bayan mamayar da Rasha ta kai wa Yukren a 2022, da yawaitar wutar iska da rana a layukan Turai, sun mayar da mu ga lissafin mudu na farko: idan wutar layi ba da gas aka samo ta ba, ƙona gas a gida ba tsimi ba ne. Gwamnatocin Turai suka karkata tallafinsu ga famfon zafi, na'urar da ke shan lantarki ta jawo ɗumi daga iskar waje, wadda tasirinta a kan waya kishiyar na tamu ne, domin ita ƙara nauyi take yi da yammacin hunturu. Akwai masu cewa unguwar da ta haɗa iri biyun za ta fi zama lafiya, ɗaya na ci ɗaya na bayarwa a sa'a guda, kuma lissafi yana goyon bayansu.

Abin da ya shafe mu a nan

Na'urar gida irin wannan ba ta da kasuwa a Nijeriya, kuma ɗan kasuwan da aka zo wa da tallarta ya yi hattara. Gidajenmu ba sa buƙatar ɗumama, in ban da 'yan makonnin hunturu a wurare irin su Jos, kuma babu bututun gas da ke shiga gidaje. Na girki a tukunya ake saye. In babu mai shan zafin, abin da ya rage janareto ne mai tsada. Inda dabarar ke da gurbi shi ne masana'antu masu buƙatar tururi, kamar na abinci da saƙa, da otal da asibitoci, inda za a iya mayar da zafin hayaƙin inji ruwan zafi, ko ma sanyi ta hanyar na'urar sanyaya da ke aiki da zafi a maimakon lantarki. Wannan yana yiwuwa a yankunan masana'antu na Legas da Ogun da Fatakwal inda bututu ya isa, kuma shi ne abin da masu masana'antu a Kaduna da Kano za su auna dangane da bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020.

Batun wuta mai juyowa da baya kuwa ya riga ya shigo, ta ƙofar sola da inbata. Janaretocinmu, duk da yawansu, ba su taɓa layi, domin makunnin sauyi yana ware gida kafin a tashe su. Shi ya sa kamfanonin rarrabawa 11 da aka miƙa wa 'yan kasuwa tsakanin 2013 da 2014 suka san su a matsayin masu rage musu ciniki kawai. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idar samar da wuta a cikin layukan rarrabawa tun 2012, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwarsu. Duk jihar da ta yarda kanti ko masana'anta ta tura rararta kan layi, za ta tarar da tambayoyin da muka bi: wane ne zai saita makulli, wace mita za ta ƙirga fita, kuma a kan wa kuɗin taransifoma zai faɗa. Da ƙarin guda ɗaya da Jamus da Japan ba su fuskanta ba, watau na'urar da aka ƙera ta mutu duk sa'ad da layi ya mutu, sa'o'i nawa za ta yi aiki a rana a kan layin da ake ɗaukewa sau da yawa kafin faɗuwar rana.